Ruwan da Bai Sauka Ba

Litinin, ƙarfe 10:40 na safe

Sakatariya ta raba mana fom. Wai za a sabunta littafin sashe, kowane malami ya rubuta fagen bincikensa a layi uku. Mai Duwatsu ya ce shi layi ɗaya ya ishe shi, dutse ba ya son surutu. Mai Birane ya ce ai shi ya sa ya zaɓi dutse, don shi kaɗai ne ba ya yi masa musu. Haka muke a sashen labarin ƙasa. Ɗaki ɗaya muke shan shayi, amma kowa gani yake fagensa ne ilimin, sauran rakiya suka yo. Mu masu ƙasa da ruwa da iska muna kiran masu nazarin mutane 'yan hira, su kuma suna kiranmu 'yan tonon rami.

Nawa ba shi da wuya: ruwan sama. Shekara goma sha shida ina kansa. Na danne fom ɗin da kofi na ce anjima.

Ban cika ba. Akwai abin da na gani a tasha ranar Asabar, kuma ba yau zan rubuta shi ba.

Talata, ƙarfe 5:50 na yamma

To bari in rubuta, tunda shirun bai sa ya gushe ba.

A bayan sashe akwai ɗan fili da aka kewaye da waya, da ƙofa da kwaɗo. A ciki akwai ma'aunin ruwan sama, da farin akwatin da ake ajiye ma'aunan zafi, da ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kantar littattafai. Ita ce tasha. Shekara arba'in da uku makullinta yana wuyan Baba, mahaifina, a jikin igiya. Baba ba malami ba ne, ma'aikacin tasha ne. Kullum ƙarfe tara na safe zai buɗe, ya juye abin da ya taru a kwalba cikin gilashin awo, ya rubuta da fensir a ɗan littafin aljihunsa, sannan ya shiga ɗaki ya kwafe da biro a babban littafi. Ya yi ritaya shekara takwas da suka wuce, sashe ya bar masa makullin, don ba mai son zuwa Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ko ranar da aka haife ni sai da ya auna kafin ya wuce asibiti. Umma ba ta yafe wannan ba har yau.

Da littattafansa na yi digirina na uku. Da su na rubuta takardar da mujalla ta karɓa watan jiya, wadda na nuna cewa ruwan garinmu ƙaruwa yake alhali na maƙwabta yana raguwa. Ni 'yar ma'aikacin tasha, na gano abin da manya ba su gani ba. Kaina har ya kusa taɓa silin.

Ranar Asabar na je ɗaukar hoton shafukan makon. Na ga ya rubuta milimita 23.4 a ranar Laraba. Ko ɗigo ba a yi ba. Na sani, don shanyata ta kwana a waje, kuma gidana tafiyar minti biyar ne daga tasha.

Na ce wa kaina kuskuren layi ne. Baba ba ya kuskuren layi.

Laraba, ƙarfe 1:30 na rana

Na shiga ofishin Mai Taswira. Ita fagenta hotunan tauraron ɗan'adam ne, daga sama take kallon ƙasa ta kwamfuta, takalminta bai san laka ba. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Na ce ta ciro min ƙiyasin ruwan da tauraro ya gani a kan garinmu na shekara shida, ta jera shi kusa da na tasha.

Ta ce, "Yau kuma? Ke da kike cewa taurarona makaho ne, bai san hadari da hayaƙi ba?"

Na ce, "Ciro dai."

Ta ciro. Shekarun farko layukan biyu tare suke tafiya, in wannan ya hau wancan ya hau. Daga daminar bara waccan kowa ya kama gabansa.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ƙila ma'aunin ne." Na ce ƙila. Ta ce, "Ƙila ɗalibai ne ke zuba ruwa a ciki, kin san shaƙiyancinsu." Na ce ƙila. Sai ta matso da kibiyar kwamfutar kan wata rana a bara, ranar da ruwa ya shiga shagunan bakin kasuwa har aka rufe hanya kwana biyu. Tasharmu ta ce sifili.

Ta miƙo min hankici. Haushi ya kama ni, na ce mata mura nake yi.

Alhamis, ƙarfe 9:45 na safe

Ba a yi ruwa ba. Ya rubuta 8.0.

Juma'a, ƙarfe 11:20 na safe

Yau na riga shi zuwa, na tsaya a bakin waya. Tara saura biyar sai ga shi, da tsohuwar jakarsa, riga a goge.

"A'a, Yayyafi! Me ya fito da Dakta cikin talakawa?"

Tun ina ƙarama yake kira na haka, wai kukana ba ya zuwa da ƙarfi amma ba ya ɗaukewa. Na ce iska nake sha. Ya buɗe, ya ɗaga mazurari, ya ciro kwalba, ya juye a gilashi, ya ɗaga gilashin daidai idonsa kamar yadda ya koya min ina 'yar shekara bakwai. Babu abin da ya tsallake. Gilashin a bushe yake. Ya ciro ɗan littafinsa ya yi rubutu, ya mayar aljihu. Wallahi har na fara jin sanyi a raina.

Muka shiga ɗaki. Ya zauna, ya buɗe babban littafi, ya cire murfin biro. Sai ya tsaya yana dube-dube a kan teburin. Bai taɓa aljihunsa ba. Ya miƙa hannu kan kanta, inda tsofaffin littattafan aljihunsa suke jere tun na farko, ya zaro ɗaya, ya nemo kwanan watan yau, ya kwafe a natse. 12.7. Na leƙa bangon littafin. Na shekara talatin da ɗaya da suka wuce ne.

Ya busa tawadar, ya ce, "Bana an samu ruwa, alhamdulillahi."

Na ce, "An samu, Baba."

Abin da na ce ke nan. Tir da ni.

Juma'a, ƙarfe 4:00 na yamma

Amma dai ya rubuta wani abu a na aljihu. In awon gaskiya yana can, sai in kwafe in gyara, ba wanda zai ji. Da wannan na iya cin abinci.

Lahadi, ƙarfe 6:10 na yamma

Na je gida. Da Baba ya shiga wanka na ce wa Umma ta ba ni ɗan littafin da ke aljihun rigarsa. Ta ce na me? Na ce aiki ne. Ta tsaya tana goge hannunta da gefen zani, hannun da ba jiƙe yake ba. Sannan ta ɗauko.

Babu awo a ciki. Wasu shafukan kwanan wata ne kawai, ɗaya sau huɗu a jere. Wani shafin ya fara lamba ya bar ta a rabi. Na Juma'ar nan da na tsaya a kansa, sunansa ya rubuta. A cikin bango kuma rubutun Umma ne, da manyan baƙaƙe: sunan layinmu, da lambar wayarta, da roƙon duk wanda ya ga mai wannan littafi yana neman hanya ya taimaka ya kira.

Na ce, "Umma, tun yaushe?"

Ta ce, "Sau biyu ne kawai ya ɓata. Mai shagon kwana ne ya rako shi."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki yi me? Ki karɓe masa makulli?" Ta rage murya. "Ke ba ki gan shi da rana ba. Yini yake yana tambayata ina ya ajiye abin da ke hannunsa. Amma daga takwas na safe zuwa goma mijina ne sak. Shi yake goge rigarsa. Hanyar tasha kaɗai ce bai taɓa ɓata a kanta ba. Awa biyun nan su suka rage min, kin ji ko?"

Na ji. Na mayar da littafin aljihun rigar kafin ya fito.

Litinin, ƙarfe 2:15 na rana

Sakatariya ta tambayi fom. Na ce yana nan zuwa.

Laraba, ƙarfe 3:40 na rana

Mun kai Baba asibiti, mun ce masa awon jini ne. Likita ya yi masa tambayoyi irin na yara, Baba yana amsa wasu, wasu ya yi dariya ya ce, "Tambayi Dakta, ita ce mai ilimin." Bayan an fita da shi likita ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ya tambaya yaushe aka fara lura. Umma ta ce bara. Ni kuwa na san amsar da ta fi wannan. Akwai gwajin da muke yi wa bayanan tasha don gano lokacin da ta sauya hali, ko an matsar da ma'auni, ko bishiya ta girma ta kare shi. Jiya na yi wa littafin Baba wannan gwajin. Ya nuna min watan biyar na bara waccan, babu ko tantama. Da rani ba za a gane ba, sifili sifili ne a kowace shekara.

Na faɗa wa likita watan. Ya ɗago ya ce, "Kin lura da kyau, ba kowa ke kula da iyayensa haka ba."

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Ina iya gano ranar da aka matsar da ma'auni a tashar da ban taɓa taka garinta ba. Duk Lahadi ina cin abinci kwano ɗaya da mutumin nan, ban ga komai ba. Na ga lambobinsa sun hau, na yi murna. Tsofaffin shekarun da yake kwafowa masu ruwa ne, su suka ɗaga min layina. Ranar da mujalla ta karɓi takardar har sabon takalmi na saya masa. Ciwon ubana na ɗauka na rubuta a kai, na kira shi bincike.

Alhamis, ƙarfe 8:05 na safe

Ba na son ganin hadari.

Asabar, ƙarfe 5:30 na yamma

Yaya ya kira daga inda yake aiki. Umma ta riga ta faɗa masa. Shi kullum yana da mafita, daga nesa.

Ya ce, "Abu mai sauƙi. Ku kafa na'ura mai auna kanta a wani wuri. Shi kuma a bar masa makullinsa da littafinsa, ya yi ta rubuta abin da ya ga dama. Wa zai cutu?"

Na ce, "Yaya, mutumin da ya taɓa sa ni na sake shafi guda don na mayar da 4.6 zuwa 5? Shi za mu ba littafin wasa, ɗalibai suna wucewa suna nuna shi?"

"Ai ba zai sani ba."

"Ni zan sani."

"Matsalarki ke nan tun kina yarinya. Kin fi son lamba da mutum."

Na ce masa in yana son mutum ya hau mota ya zo ya gan shi, wata tara ke nan. Ya kashe wayar. Na faɗi abin da bai kamata ƙanwa ta faɗa ba, kuma ban yi nadama ba tukuna. Abin da ya fi ci min rai shi ne ban tabbata ƙarya ya yi ba.

Litinin, ƙarfe 12:30 na rana

Na faɗa wa Shugaban sashe. Shi fagensa ƙaurar jama'a ne, amma yana ɗalibi Baba ne ya koya masa riƙe gilashin awo. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Ya ce ba ni kaɗai ke ɗibar lambobin nan ba. Masu aikin gona suna karɓa, ɗalibai huɗu sun rubuta kundinsu da su, har injiniyoyin da ke faɗaɗa magudanan gari sun aiko an ba su. Dole a sanar da kowa, kuma dole makulli ya sauya hannu kafin ƙarshen wata. Sai ya ce, "Amma Dakta, ba sai an ambaci Baba ba. Sai mu ce ma'aunin ne ya lalace. Ƙarfe ba ya jin kunya."

Na yi masa godiya. Har na kai ƙofa da niyyar amincewa. Sai na tuna duk ranar ɗaya ga wata Baba yana duba ma'aunin nan da kansa, ya sa hannu cewa lafiyarsa lau. In an ce ya lalace damina uku ba a gane ba, an ce Baba bai iya aikinsa ba ke nan. Ko ta ina aka biyo, a kansa za a sauka.

Shugaba ya ce, "In ya yi miki nauyi ni sai in karɓa."

Na ce a'a. Ba baƙo ne zai cire igiyar nan daga wuyansa ba.

Talata, ƙarfe 10:00 na safe

Na rubuta wa mujalla na janye takardar. Layi uku ya ɗauka. Fom ɗin sakatariya kuma na rubuta "ruwan sama" na miƙa mata, ta ce ya yi kaɗan, na ce shi ke gare ni.

Alhamis, ƙarfe 6:20 na yamma

Na je karɓar makullin. Na haddace abin da zan faɗa tun a mota.

Na same shi a ƙofar gida kan kujerarsa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, mata suna ta kwashe shanya, Umma tana jan buhun gawayi zuwa rumfa. Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya ce, "Ku bar wahalar da kanku. Wannan ba namu ba ne, ta kudu zai bi. Ba ku ji iskar ba ta da sanyi ba?"

Ta kudu ya bi. Ko ɗigo ba mu samu ba.

Ya kalle ni yana murmushi, ya ce, "Akwai wannan a kwamfutarku?" Igiyar tana leƙowa ta wuyan rigarsa. Na sha shayi, na ce a gaida gida, a gidanmu, na fito. Umma ta bi ni da ido.

Juma'a, ƙarfe 7:30 na safe

Saura kwana huɗu wata ya ƙare.

Lahadi, ƙarfe 1:10 na rana

An gama.

Na bi shi tasha. Bayan ya rufe babban littafi na ce, "Baba, ka duba min wani abu, kaina ya ɗaure." Na buɗe shafin watan takwas na bara, na ajiye tsohon littafin aljihun da ya kwafo daga ciki kusa da shi, wata ɗaya, shekaru daban.

Ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a nan, ya ɗora a can. Ɗaya ga wata. Biyu ga wata. Kafin ya kai goma fuskarsa ta sauya.

"Kai! Wannan ai kwafe ne. Sama ba ta maimaita kanta rana da rana. Wani ya zauna a inuwa ya ƙi fita awo." Ya buɗe gaba, ya buɗe baya. "Har ina abin ya kai? Inna lillahi. Damina nawa? Yayyafi, wannan ba kuskure ba ne, ƙarya aka yi wa sama. Mutane shuka suke yi da lambobin nan! Wane ne? Ko ɗan wane ne, yau a karɓe makulli a hannunsa."

Ya sunkuya yana neman sa hannun mai laifin a ƙasan shafi. Ya gani. Ya koma kan lambobin, ya kawo littafin kusa da idonsa. Na ji ƙarar agogon bango, ban taɓa sanin yana ƙara ba.

Can ya ce, a hankali, "Wannan bakwai ɗin irin tawa ce."

Na ce, "Baba."

Ya ɗaga min hannu. Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Ya ce in nuna masa inda abin ya fara. Na buɗe watan biyar na bara waccan. Ya ce in ba shi jan biro da rula. Ya ja layi daga gefe zuwa gefe, miƙaƙƙe kamar kullum, ya rubuta a ƙarƙashi: Kada a yi aiki da abin da ke bayan wannan layi. Ya sa hannu. Ya tambaye ni kwanan wata, na faɗa, ya rubuta.

Sannan ya sunkuyar da kai ya zare igiyar. Ta maƙale a kunnensa, na kai hannu, ya ce bari. Ya ajiye makullin a kan littafin.

Ya ce, "Na sama da layin nan duk na tsaya a kansu. Kada ki bari a ce ba su da kyau."

Na ce ba zan bari ba.

"Kwaɗon yana cijewa da damina. Sai kin ɗan ɗaga ƙofar."

Na kai shi gida a mota. Ya ce wa Umma ya gaji, ya shiga ɗaki.

Litinin, ƙarfe 9:25 na safe

An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na zo tara saura kwata. Kwaɗon ya cije, na ɗaga ƙofar. Na juye, na ɗaga gilashi daidai ido. 17.2.

Ban kai ga rubutawa ba Umma ta kira. Tun takwas ya goge riga ya saka. Ya birkice ɗaki, ya zazzage jakarsa, ya ɗaga katifa. Yana cewa an yi ruwa, tara ta yi, an sace masa makulli, shekara arba'in da uku bai taɓa makara ba. Jiya ba ta nan a kansa, ko kaɗan.

Ta ce, "Ki kawo littafin ki nuna masa layin da ya ja. In ya ga hannunsa zai yarda."

Na kalli littafin a kan tebur. Zai yarda, na sani. Zai sa tabarau, ya bi da yatsa, ya yi faɗa, ya nemi mai laifi, ya same shi. Yau, da gobe, da duk safiyar da Allah ya kawo.

Na ce, "A'a, Umma. Ki ce masa ni na ɗauke. Ki ce na fi ƙarfinsa a sashe, na ƙwace masa aiki."

Sai na ji ta juya tana faɗa masa, ba ta kashe wayar ba. Na ji muryarsa daga nesa, ba faɗa a cikinta, har da 'yar dariya.

"Yayyafi? Haba. Sake dai dubawa ƙarƙashin gado. Ita ba za ta yi min haka ba."